Kano Zuwa Jidda: Awa Nawa ne a Gaskiya?

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon fili a wannan jarida domin mu yi gyara a kan wata magana da ake yawan kuskurewa, wato tsawon tafiyar jirgin sama daga Kano zuwa Jidda ko Madina. Mu 'yan uwanku ne mazauna Jidda, sana'armu yankan tikiti da tarbar baƙi a filin jirgi, kuma babu tambayar da ta kai wannan yawa: awa nawa ne? Wani ejan ya ce huɗu, wani ya ce bakwai, wanda ya koma gida daga Umara ya rantse uku ya yi. Kowannensu yana da inda ya samo lambarsa. Sai dai illar ba ƙarama ba ce. Saboda wannan ruɗani ake barin tsohuwa zaune a kan jakarta a bakin ƙofar fita babu mai ɗaukarta, saboda shi mutum ke zuwa filin jirgi bayan jirginsa ya tashi da kwana guda, saboda shi kuma ake wuce miƙati da riga a jiki.

Mu fara da abin da ba ya canzawa. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, idan aka miƙa zare a kan taswirar duniya mai siffar ƙwallo, kilomita 3,420 ne ko dab da haka. Zuwa filin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz na Madina wajen 3,560 ne, ƙarin kilomita 140 ke nan, abin da jirgi ke cinyewa cikin minti goma. Maiduguri ta fi kowa kusa da Jidda, wajen 2,980. Abuja wajen 3,690, Sakkwato wajen 3,720, Legas kuma wajen 4,200. Saboda haka wanda ya tashi daga Maiduguri da wanda ya tashi daga Legas ba za su taɓa ba da labari iri ɗaya ba, don akwai kusan awa ɗaya da rabi tsakaninsu. Idan allon da ke bayan kujera ya nuna 1,850, kada a ce an rage hanya. Matuƙa da mil ɗin teku suke awo, kowane ɗaya kilomita 1.852 ne. In ya nuna wajen 2,125 kuma, mil ɗin ƙasa ne. Nisa ɗaya ne, mudun awon ne ya bambanta.

Babban jirgi irin Airbus A330 ko Boeing 777, idan ya daidaita a sama tsakanin ƙafa 35,000 zuwa 41,000, yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa. A raba 3,420 da 850, a samu awa huɗu. Nan masu cewa huɗu suka samo tasu, kuma lissafin takarda ne kawai. Jirgi ba ya tashi da wannan gudun, ba ya kuma sauka da shi. Hawa yana cin minti 20 zuwa 25. Gangarowa tana farawa tun saura kilomita 200 da ɗoriya, kuma da zarar an sauko ƙasa da ƙafa 10,000 ana rage gudu zuwa wajen kilomita 460 a awa. Jirgi kuma ba ya yanke daji. Akwai hanyoyi a sama da aka shata daga alama zuwa alama, suna ɗan karkacewa. Sai a ƙara lokacin da ake tura jirgi baya daga ƙofa, ya gangara zuwa titin tashi, ya jira layi, da irin haka bayan sauka. Filin Jidda babba ne, daga titin sauka zuwa wurin tsayawa kaɗai kan ci minti goma zuwa ashirin. In an haɗa duka, miƙaƙƙiyar tafiya ta kan Chadi da Sudan tana kamawa awa huɗu da rabi zuwa biyar. Lokacin da aka rubuta a tikiti kuwa daga barin ƙofa ne zuwa tsayawa a ƙofa, ba daga barin ƙasa zuwa taɓa ƙasa ba.

To daga ina bakwai da uku suka fito? Daga agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, kuma ƙa'idar tikiti a duk duniya ita ce a rubuta lokacin tashi da agogon garin da aka tashi, lokacin sauka da agogon garin da aka sauka. A ce jirgi ya bar Kano ƙarfe 14:00 ya yi awa biyar. Agogon hannun fasinja zai nuna 19:00, amma na bangon filin Jidda 21:00 yake nunawa, kuma shi ne a tikiti. Mai dubawa ya cire 14 daga 21 ya ce bakwai. A komawa, jirgi ya bar Jidda 08:00, ya yi awa biyar ɗin nan dai, ya sauka Kano 11:00 agogon gida, sai a ce uku. Babu jirgin da ya yi nawa a zuwa ya yi sauri a dawowa. Hanyar gyara mai sauƙi ce: a zuwa a cire biyu daga abin da tikiti ya nuna, a komawa a ƙara biyu. Wanda zai je tarbo kuma ya tambayi abu guda tak, da agogon wa aka faɗi lokacin? Sau da yawa ɗan uwa a Kano yakan kira ya ce "Hajiya za ta sauka ƙarfe bakwai", alhali bakwai ɗin Kano yake nufi, sai direba ya ɓata awa biyu yana biyan kuɗin ajiye mota. In kuma aka juya lissafin a komawa, Hajiya ce za ta zauna tana jira.

Wanda ya fi wannan cin mutane shi ne jirgin tsakar dare. Mu Hausawa, kamar Larabawa, dare ne ke riga rana a lissafinmu na addini: daren Juma'a shi ne wanda ke biyo bayan magaribar Alhamis. Amma a maganar yau da kullum wani in ya ce "Juma'a da dare" bayan sallar Juma'a yake nufi. Tikitin da aka rubuta Juma'a 01:30 yana nufin mutum ya bar masaukinsa ranar Alhamis bayan isha'i. Wanda ya bari sai da ya yi sallar Juma'a a Harami sannan ya ɗaure kaya, jirginsa ya riga ya sauka Kano tun da asuba. Asarar ba ta tsaya a kan tarar sauya tikiti ba. A ƙarshen Ramadan kujera ba ta samuwa sai bayan kwanaki, kuɗin masauki yana ƙaruwa, biza kuma tana tafiya. Muna roƙon duk ejan da zai miƙa irin wannan tikiti ya rubuta a jikinsa da Hausa, da babban baƙi: "Ka je filin jirgi ranar Alhamis da ƙarfe tara na dare." Haka nan alamar +1 da ake gani kusa da lokacin sauka tana nufin washegari ne, a bayyana wa mai tafiya.

Duk wannan lissafi na awa biyar na miƙaƙƙiyar hanya ne, kuma a nan gizo ke saƙa. Zaren da muka miƙa daga Kano yana bi ta yankin Tafkin Chadi, ya ratsa Chadi, ya shiga arewacin Darfur, ya tsallake Kogin Nilu a arewa da Hartum, ya faɗa Bahar Maliya. Babban kaso na tafiyar a sararin Sudan yake. Kusan ita ce hanyar da kakanninmu suka bi da ƙafa da raƙumi, ta Borno da Wadai da Darfur da Kordofan har Sawakin da ke bakin Bahar Maliya, wasu suka yi shekaru a hanya, wasu suka zauna can, zuriyarsu na nan har yau a Mai Wurno da Gadarif da sauran garuruwa. Jiragen fasinja na farko ma ita suka bi: a 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe layin Hartum zuwa Kano, yana yada zango a Al-Ubayyid da Al-Fashir da Al-Janaina da Fort Lamy, wato Injamena ta yau, da Maiduguri. Sudan ce gadarmu zuwa Hijaz, a ƙasa da a sama.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, aka rufe sararin ƙasar. A watan Agusta na shekarar aka sake buɗe sashen gabas, wajen Bur Sudan, amma mai zuwa daga Chadi ta Darfur zai shiga, can kuwa wuta ba ta mutu ba. Sai ya zama dole jirgi ya kewaya. Ta kudu ana bi ta Kamaru da Afirka ta Tsakiya, a gangara wajen Sudan ta Kudu ko Yuganda da Kenya, a hau ta Habasha, sannan a miƙe arewa a kan Bahar Maliya. Wannan yana kai hanya kilomita 5,000 ko fiye, tafiyar kuma ta koma awa shida zuwa bakwai. Ta arewa akwai Nijar da Libiya zuwa Masar, amma ba kowane kamfani ke yarda ya bi sararin Libiya ba, ita ma Nijar ta rufe nata sararin na kusan wata guda bayan juyin mulkin Yulin 2023. Ke nan mai cewa bakwai a yanzu yana iya zama da gaskiya ko ba ruɗanin agogo, tikitinsa ma tara zai nuna. Tambayar da ta kamata a yi wa ejan ita ce: ta ina jirgin zai bi? Wanda ya yi Umara kafin 2023 kada ya auna wa ƙaninsa tafiya da abin da ya gani.

Mutane na yawan zargin kamfanoni da fakewa da yaƙin Sudan don ƙara kuɗi. Ba mu ce babu masu wuce gona da iri ba, amma ƙarin yana da tushe, kuma ya kamata a san shi. A330 yana shan mai wajen tan shida a awa. Ƙarin awa biyu tan goma sha biyu ke nan a tafiya ɗaya. Jirgin alhazai kuwa ba tafiya biyu yake yi wa maniyyaci ba, huɗu ce: ya kawo shi cike ya koma wayam, bayan Arfa ya zo wayam ya koma cike. Kowace ƙasa da aka ratsa sararinta tana karɓar kuɗinta, ƙasashen hanyar kudu kuma sun fi yawa. Shi ya sa a watan Mayu na 2023 kamfanonin Najeriya da aka zaɓa don jigila suka jinkirta sa hannu a yarjejeniyarsu da hukumar alhazai ta ƙasa, wato NAHCON, har aka sake zama aka ƙara dala 250 a kan kowace kujera. Akwai kuma abin da ba a gani a rasit. Doka ta ƙayyade wa matuƙa lokacin aiki, wajen awa 13 a jere ga ayari ɗaya, kuma yana raguwa in da dare ne. Da hanyar awa biyar jirgi na iya zuwa ya dawo cikin awa 13 ko 14. Da ta bakwai sai ya kai 17 ko 18, ana kuma buƙatar ƙarin matuƙa ko a jira waɗanda suka zo su huta. Sawun da jirgi ɗaya ke yi a mako ya ragu. Wannan na cikin dalilan da ke sa maniyyata su yi kwanaki a sansanin alhazai ana cewa gobe, jibi.

Iska ma tana da nata kason, ko da bai kai na sama ba. Gudun jirgi a cikin iska yake, iskar kuma tana tafiya. A lokacin hunturu iskar can sama a yankin Sahara daga yamma take kaɗawa, sai ta tura mai zuwa Jidda ta danne mai komawa. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, wata iska mai ƙarfi daga gabas ke mamaye sararin Sudan da Chadi, sai abin ya juya. Jirgi mai gudun 880, in iska mai gudun 60 ta biyo bayansa ya zama 940, in ta tare shi ya koma 820. A kan kilomita 3,420 bambancin ya haura rabin awa. Da damina kuma matuƙi kan kewaye hadari mai tsawa, don ba a ratsa shi.

Yawancin masu Umara da 'yan kasuwa jirgin yawo suke hawa, mai yada zango, kuma nan ne lissafi ke ƙara tsawo. Ta Alƙahira, Kano zuwa can wajen kilomita 3,100 ne a miƙe, sai 1,220 zuwa Jidda. Ta Adis Ababa wajen 3,330 sai 1,410. Ta Doha wajen 4,750, sannan a dawo baya 1,330, an wuce Jidda ke nan an komo, jimilla ta haura dubu shida. Amma abin da ke cin lokaci shi ne zaman jira a tsakiya, wanda kan tashi daga awa biyu zuwa goma sha biyu. Shawararmu, tazarar da ba ta kai awa biyu ba kada a karɓa wa tsoho ko mai ƙananan yara, domin jinkirin minti arba'in a Kano ya isa ya sa a rasa jirgi na biyu, in ma mutum ya samu, jakarsa ba ta samu ba. Kada kuma a yarda da tikiti biyu daban-daban don arha. In tikiti ɗaya ne aka rasa jirgi na biyu ta dalilin jinkirin na farko, kamfani ne zai nemo wani. In biyu ne, asarar ta mai tafiya ce, kuma sai ya karɓi kayansa a tsakiya ya sake awo, abin da kan buƙaci bizar ƙasar da ba shi da ita. A wurin awon kaya a Kano a dubi takardar da aka liƙa wa jaka: JED ne Jidda, MED ne Madina. In CAI (Alƙahira) ko ADD (Adis Ababa) kaɗai aka gani, babu JED ko MED, a yi magana nan take kafin jakar ta shige. Agogon zango shi ma a kula da shi. Habasha da Ƙatar lokacinsu ɗaya da Saudiyya, Dubai ta fi ta da awa ɗaya, Masar kuwa tana sauya agogo tsakanin zafi da sanyi. Allon filin jirgi za a bi, ba agogon hannu ba.

Yanzu ga inda ya fi damunmu, wato miƙati. Hukuncinsa na malamai ne, kuma sun yi magana tun da daɗewa, har a kan mai tsallakowa daga Sawakin kai tsaye zuwa Jidda. Kowa ya tambayi malaminsa tun yana gida. Namu shi ne lissafin minti, kuma lissafin ya nuna cewa hanyar da jirgi ya biyo ita ke ƙayyade miƙatin da za a daidaita da shi. Mai zuwa ta Alƙahira daga arewa yake gangarowa, saitin Juhfa zai tarar, kusa da Rabig. Mai zuwa ta Adis Ababa ko ta kewayen kudu saitin Yalamlam ne a gabansa. Mai zuwa ta Doha ko Dubai ta wajen Ƙarnul Manazil zai ɓullo, kusa da Ɗa'if. Wanda ya sauka Madina shi ba ruwansa da wannan gaggawa, zai yi wankansa a tsanake ya ɗauki harama a Zul Hulaifa, inda ake kira Bi'ir Ali.

Daga Rabig zuwa filin Jidda wajen kilomita 125 ne. Mun ce jirgi na fara gangarowa tun saura 200 da ɗoriya. Ke nan lokacin da ake isa saitin miƙati saura minti 15 zuwa 20 a sauka, an kunna fitilar ɗaura bel, an ce kowa ya zauna, ma'aikata na rufe banɗakuna. A can sama jirgi na cin kilomita 14 a kowane minti, ko a gangare ma yana cin takwas zuwa goma. Mutumin da ya ji sanarwa sannan ya miƙe yana laluben jakarsa a ma'ajiyar sama, kafin ya zare harami daga leda an bar miƙati a baya. Kamfanoni da yawa suna yin sanarwa tun da sauran lokaci, amma da Larabci da Turanci, ta lasifikar da ƙarar inji ke dannewa, ga rabin jirgi na barci. A duba kuma: jirgi mai mutum 300 banɗakinsa bai fi takwas ko tara ba. In maza ɗari za su sauya kaya, kowa minti biyar, ana buƙatar awa guda cur, a ɗakin da ba ya ɗaukar buɗe hannu biyu, ƙasansa kuma jiƙe. Abin da ke aiki shi ne a yi wanka a gida, a ɗaura gyauton ƙasa tun a filin jirgi na ƙarshe kafin Jidda, a sa jallabiya a kai in ana jin sanyi, a ajiye mayafin sama da silifa a jakar hannu ƙarƙashin kujera. Idan allo ya nuna saura awa ɗaya, a cire riga da hula da duk wani ɗinkakken kaya a yafa mayafi, a zauna a shirye, sai niyya da talbiyya kawai suka rage. Babban kuskuren da ake ta maimaitawa shi ne a sa harami a babbar jakar da aka auna ta shiga cikin jirgi. Wanda ya yi haka ba zai sake ganinsa ba sai a Jidda. Shugaban kowane ayari ya ɗauki nauyin tashin mutanensa ya faɗa musu da Hausa, layi-layi.

Bambancin awa biyun nan ba na agogo kaɗai ba ne, na rana ne. Tsakanin Kano da Jidda akwai digiri 30 da ɗan ɗori a faɗin duniya, kowane digiri 15 kuma awa ɗaya ne na tafiyar rana. Mai tafiya gabas yana tarar dare da wuri: wanda ya bar Kano ƙarfe biyu na rana zai ga rana ta faɗi tun agogon hannunsa na nuna biyar da 'yan mintuna, don haka la'asar ba ta da faɗin da ya saba. Mai komawa yamma yana bin rana ne. Wanda ya yi sahur a Makka ya sauka Kano kafin magariba, azuminsa ya ƙaru da wajen awa biyu. Daga can sama kuma ana ci gaba da ganin rana kusan rubu'in awa bayan ta ɓace wa mutanen da ke ƙasa, saboda haka jadawalin garin da ake wucewa ta kansa ba ya aiki, taga za a duba. Masu ciwon sukari da hawan jini da ke shan magani a kan lokaci su zauna da likita kafin tafiya a tsara musu, maganin kuma ya kasance a jakar hannu. Tsofaffi su riƙa miƙewa suna takawa duk bayan awa ɗaya ko biyu, su sha ruwa. Da yawa suna ƙin sha don gudun zuwa banɗaki, sai su sauka da kumburin ƙafa da jiri, ga ɗawafi da sa'ayi na jiransu.

Jinkirin da ke faruwa a ƙasa kuwa yana da kaka. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe Kano, in nisan gani ya gaza abin da doka ta yarda, jirgin da zai zo ɗaukar mutane ba ya sauka, sai ya juya Abuja ko wani fili. A lokacin Hajji hukumar sufurin sama ta Saudiyya tana ba kowane jirgi takamaiman lokacin sauka da tashi, wanda ya kuskure nasa sai ya jira a sake ba shi. A komawa kuma mu da kanmu muke jawo wa juna. Ruwan Zamzam da aka cusa cikin jaka na'ura tana ganinsa, sai an ware jakar an nemo mai ita an buɗe. Wanda aka yarda da shi shi ne lita biyar a cikin kwalinsa na musamman. Batirin cajin waya a jakar hannu ake sa shi, ba a babbar jaka ba. In fasinja ɗaya ya auna kaya ya ɓace a shagunan filin jirgi, ba a tashi da jakarsa, sai an sauke kaya an nemo ta, mutum ɗari uku na zaune ana ƙona lokaci.

In za a yi wa mai tafiya adalci, daga ƙofar gida zuwa ƙofar masauki za a lissafa masa. Awa uku zuwa huɗu a filin Kano kafin tashi, domin ana rufe awo kusan awa ɗaya kafin lokaci. Awa biyar zuwa bakwai a sama in babu zango. Awa ɗaya zuwa biyu a wurin Jawazat, wato jami'an shige da fice, da ɗaukar kaya, abin da kan ninka a goman ƙarshe na Ramadan da kwanakin Hajji. Daga filin Jidda zuwa Makka kusan kilomita 100 ne, awa ɗaya da rabi a mota in hanya ta yi kyau. Jimilla awa 11 zuwa 15. Filin Jidda kuma ba gini ɗaya ba ne. Akwai sabuwar tasha ta ɗaya, akwai ta arewa da mutanen nan ke kira Sala Shamaliyya, akwai tashar alhazai mai rufin tantuna da aka buɗe a 1981, kuma tsakaninsu sai da mota. Jirgin ƙasa na Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, a tasha ta ɗaya yake da zango, yana kai mutum Makka cikin ƙasa da awa ɗaya, amma yana da iyaka a kan girman jaka. Wanda ya sauka a ta arewa da manyan buhuna biyu kada a lissafa masa shi. Filin Madina shi kusa yake, wajen kilomita 15 zuwa Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya sa muke ganin ga tsoho da mai rauni sauka a Madina ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, ko da tikitin ya ɗan fi tsada.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, da sauran 'yan jarida da ejan-ejan da jami'an hukumomin alhazai na jihohi, shi ne duk sanarwar jirgi da za a buga ko a karanta a rediyo ta zo da ranar da mutum zai bar gida, da lokacin tashi da agogon Najeriya, da lokacin sauka tare da faɗin cewa agogon Saudiyya ne, da ainihin awannin da za a yi a sama, da hanyar da za a bi, da tashar da za a sauka. A bitar da ake yi wa maniyyata kuma a ware ko da rabin awa ne a ɗauko tikiti na gaske a karanta shi tare, layi bayan layi, a nuna musu inda 01:30 take da abin da take nufi.

Allah Ya kawo wa 'yan uwanmu na Sudan ƙarshen wannan yaƙi, Ya kai baƙinSa lafiya Ya dawo da su lafiya.

Wassalam.

Daga wasu masu yankan tikiti da tarbar baƙi,
Jidda, Saudiyya.